Sabo ake wa kuka: Toka ta tafi tana da wata 11

Yau kwana 9 da mutuwar kyanwata, Toka. Watanta 11 kacal a duniya. Na daɗe ina rubuta wannan ina gogewa, domin na san akwai wanda zai karanta ya taɓe baki ya ce, "Duk a kan mage ake wannan dogon zance?" To, shi ma da shi nake, don haka ina roƙo a karanta har ƙarshe.

Lokacin da ta zo hannuna ba ta cika tafin hannu biyu ba. Ruwan toka ce, sai ƙafarta ta gaba ta hagu da take fara tas kamar ta taka alli. Ba ta ɗauki kwana uku ba ta mallake gidan. Idan na buɗe kwamfuta sai ta hau ta zauna daidai inda yatsuna suke. Idan ta ji ƙarar makulli daga waje, kafin in turo ƙofa tana bakin ƙofar tana jira, jelarta a miƙe sama. Da dare kuwa ba ta da wurin kwana sai bayan gwiwata, tana ɗan gurnanin nan da suke yi a maƙogwaro idan ransu ya yi daɗi, har barci ya kwashe mu. Na saya mata kayan wasa, ba ta ko kalle su ba. Murfin kwalba shi ne abin ƙaunarta, ta buga shi da hannu ya shige ƙarƙashin kujera, ta kwanta rub da ciki tana laluben sa.

Ranar da abin ya faru ma haka ta yi wasanta da yamma, ta ci abincinta, ta sha ruwa. Wajen ƙarfe 3 na dare na ji wani kuka da ban taɓa jin irinsa daga bakinta ba. Ina kunna fitila na gan ta a ƙasa tana jan jiki da ƙafafun gaba, na baya suna biye da ita kamar ba nata ba. Na taɓa su na ji sun yi sanyi ƙalau, tafin ƙafar da na saba gani ja-ja ya koɗe. Bakinta a buɗe tana haki. Na naɗe ta a tawul, ƙanena ya ja mota, muka yi ta buga waya har muka samu likitan dabbobi da ya amsa. Gari bai gama wayewa ba ta cika, hannuna yana kan haƙarƙarinta.

Likitan ya ce dukkan alamu sun nuna ciwon zuciya ne, irin wanda naman zuciyar ke yin kauri har jini ya kasa wucewa yadda ya kamata. Idan jini ya tsaya cikin zuciya sai ya daskare ya yi guda, wata rana gudan ya ɓalle ya bi babbar jijiya, ya je ya toshe daidai inda ta rabu biyu zuwa ƙafafun baya. Shi ne sanyin ƙafar da na ji. Wannan ciwon ba baƙo ba ne a wurin kyanwa, shi ne ciwon zuciyar da ya fi kama su, kusan 1 cikin kowace 7 tana ɗauke da shi. Da yawa suna rayuwa har su tsufa bai taɓa damun su ba, wasu kuma ranar da ya fara nuna kansa ita ce ranar ƙarshe. Sau tari ko an ɗora abin sauraren ƙirji ba a jin komai, sai an yi hoton zuciyar. Ga shi kuma halin kyanwa ne ta ɓoye ciwonta, ba ta nuna rauni sai abin ya ci ƙarfinta.

Duk da wannan bayanin, kwana uku na yi ina tuhumar kaina. Na tuna wata rana da ta yi gudu ta tsaya tana numfashi da sauri, na ɗauka gajiya ce. Na tuna ta ɗan ƙara yawan barci, amma dabbar da dama take barcin awa 12 zuwa 16 a rana, ta yaya za ka gane ya ƙaru? An ce da-na-sani ƙeya ce, a baya take, amma ni a gabana ta zauna, ko'ina na juya ita nake gani. Sai da na koma wurin likitan na tambaye shi kai tsaye ko sakacina ne. Ya ce, "Malama, ko da rana tsaka abin ya faru kina zaune a gabana, ba lallai ne mu iya ceto ta ba. Idan ƙafa biyu suka tafi kuma jiki ya yi sanyi, kaɗan ne suke tashi." Wannan maganar ce ta sa na iya runtsawa a daren.

Abin da ya sa na ɗauki waya nake wannan rubutun shi ne maganganun da na ji daga baya. Wata ta ce, "Haba, kyanwa ce fa." Wani ya ce, "Ki samo wata mana, ai suna da yawa." Wanda ya fi yi min ciwo shi ne wanda ya ce, mutane suna mutuwa kullum, ke kina zubar da hawaye a kan dabba. Na san babu mai nufina da sharri a cikinsu. Amma ina ganin sun yi kuskure, kuma kuskuren da muke yawan yi wa juna ne.

Ban taɓa cewa ran kyanwa daidai yake da ran ɗan Adam ba, kuma ba zan faɗa ba. Na rasa mutanen da nake ƙauna, na san bambancin. Sai dai tausayi ba ruwan randa ba ne da za a ce idan an ɗiba wa kyanwa ya ragu wa mutum. Wanda zuciyarsa ta karaya don ya ga dabba tana shan wahala, shi ne dai zai fara tsayawa idan ya ga mutum a cikin wahala. Kuma ai sabo ake wa kuka. Halittar da take tarbar ka kullum, wadda ka ciyar da hannunka safe da yamma, wadda ta san takun ƙafarka a cikin na mutum goma, idan ta ɓace dare ɗaya dole gidan ya canza maka. Ƙuruciyarta ta ƙara min zafin abin. Kyanwar gida da ake kula da ita takan kai shekara 12 zuwa 15, wasu har 20. Ni a lissafina yanzu muka fara.

Masu ganin wannan baƙin cikin wani sabon abu ne da aka ɗauko daga intanet, su duba hadisin Anas ɗan Malik. Yana da ƙane ƙarami, Abu Umair, mai ɗan tsuntsu da yake wasa da shi. Tsuntsun ya mutu. Annabi (SAW) ya shigo ya ga yaron a cikin damuwa, ya tambayi dalili aka gaya masa, sai ya ce da shi, "Ya Aba Umair, me ɗan tsuntsu ya yi?" Bai ce masa ai tsuntsu ne kawai ba. Shugaban al'umma guda, da duk nauyin da ke kansa, ya lura da fuskar yaron da ya rasa tsuntsunsa, ya tsaya ya yi masa magana mai laushi. Sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi, Abu Huraira, 'yar kyanwar da yake ɗauka ce ta jawo masa wannan sunan. Kuma duk mun san labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Addinin da ya ɗauki ran kyanwa da wannan nauyin ba zai ga laifin wanda ya yi hawaye don ta mutu ba.

Tarihi ma haka ya nuna. A 2004 masu binciken kayan tarihi daga Faransa suka sanar da wani kabari da suka tono a tsibirin Saifurus, mai kimanin shekara 9,500. Mutum ne a ciki, kusa da shi kuma, tazarar da ba ta kai rabin mita ba, an binne kyanwa 'yar wata 8. Na daɗe ina tunanin wannan kyanwar, don ko watannin Toka ba ta kai ba. Hirodotus, marubucin tarihin nan na Girka, ya rubuta cewa a tsohuwar Masar idan kyanwa ta mutu a gida, mutanen gidan sukan aske girarsu don nuna alhini.

Ga masu kyanwa, akwai abubuwan da na so a ce na san su tun farko. Idan tana barci ku ƙirga numfashinta na minti ɗaya, bai kamata ya riƙa wuce 30 ba. Kyanwa ba kare ba ce, idan kuka ga tana haki baki buɗe alhali ba gudu ta yi ba, a nufi likita nan take. Kada a kuskura a ba ta farasitamol, hantarta ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Furen lili yana lalata mata ƙoda, ko garinsa ta lasa a jikinta. Maganin ƙuma na karnuka da yawa guba ne a wurinta, haka ma maganin ɓera. Muzurun da yake ta yunƙurin fitsari ba ya fita, shi ma ba ya jiran gobe. Waɗannan ba za su hana kowace mutuwa ba, Toka ba ɗayansu ne ya ɗauke ta ba, amma akwai da yawa da za su tsira.

Idan kuma wani naku ne ya yi irin wannan rashin, ba sai kun fahimci zafinsa ba. Ku ce masa sannu, Allah Ya ba da haƙuri. Ku tambaye shi sunanta, ku bar shi ya ba ku labarinta. Maganar samo wata ku bar masa, shi zai san lokacin. Wataƙila ni ma wata rana zan ɗauko wata, kuma zan so ta, amma ba yanzu ba, kuma ba don ta zama Toka ba.

Ƙanena, wanda kullum yake korar ta daga ɗakinsa, shi ne ya haƙa mata rami ya rufe ta da hannunsa. Jiya da yamma muna gyaran ɗaki ya ɗaga kujera, sai ga murafan kwalba guda 14 a tare a lungu ɗaya, duk waɗanda ta tura ta kasa cirowa. Ya tsaya yana kallon su, sannan ya ɗago ya ce, "Yaya, in zubar?" Na ce ya bar min su. Ya tsince su ɗaya bayan ɗaya, ya zuba a kwanonta, ya mayar da kwanon inda yake.