A Koya wa Ɗalibai Tatsuniyoyin Girkawa

Ina cikin masu ganin ya kamata ɗaliban adabi su san tatsuniyoyin Girkawa tun daga sakandare, domin da yawa daga cikin dabarun gina labari da muke gani a littattafai da fina-finai ta wannan hanya suka biyo.

A duba labarin Odisiyos, wanda Homa ya tsara cikin waƙa wajen ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa. Shekara 10 ya yi a yaƙin Turoi, ya ƙara 10 a hanyar komawa tsibirinsa Itaka. A gida kuwa manema sun cika fadarsa suna cinye dukiyarsa, suna matsa wa matarsa Fenelofi ta zaɓi miji. Sai ta ce su dakata ta gama saƙa likkafanin surukinta. Ta saƙa da rana, ta warware da dare, har shekara 3 kafin wata baiwa ta tona mata asiri. Ɗalibin da ya karanta wannan ya ga yadda ake riƙe zuciyar mai sauraro da jinkiri kaɗai, ba tare da an zare takobi ba.

Haka labarin da marubucin wasan kwaikwayo Sofokilis ya rubuta a kan Edifos, sarkin da ya tashi neman wanda ya kashe sarkin da ya gabace shi, bincike ya dawo kansa. Marubucin wasan kwaikwayo ɗan Nijeriya Ola Rotimi ya ɗauko shi ya dasa a ƙasar Yarbawa a 1968, ya kuma zauna daram.

Na san damuwar iyaye, kuma ba abin rainawa ba ce: labaran cike suke da gumaka irin su Zus, masu kishi da ha'inci. Amma malamanmu na zaure sun daɗe suna karantar da waƙoƙin jahiliyya saboda lugga da balaga, ba su ɗauki aƙidar mawaƙan ba, kuma Ibn Rushdi da kansa ya yi sharhi a kan littafin Aristotal na fasahar waƙa. Abin da ake buƙata shi ne malami ya bayyana tun farko cewa adabi ake nazarta.

Da ni ne a ajin, da labarin Bayajida da macijin rijiyar Kusugu zan fara, sannan in kawo Fasiyos, baƙon da ya kashe dodon teku ya auri 'yar sarki, in bar yara su yi gardama a kan inda labaran biyu suka haɗu da inda suka rabu.