Cholmondeley: sunan da ya bi sawun ƙasa daga Cheshire zuwa Kenya

Sunan iyalin nan na Ingila, Cholmondeley, haruffa 12 ne a rubuce, amma masu shi "Camli" kawai suke cewa idan sun buɗe baki. Mutane da yawa suna tsayawa ga wannan abin mamaki na lafazi, ni kuwa ina ganin abin da ya fi cancantar a duba shi ne yadda tarihin sunan ya ɗaure da mallakar ƙasa tun farkonsa.

Asalinsa sunan wani ƙauye ne a yankin Cheshire, kusa da iyakar Wales. A tsohon Turanci yana nufin filin da aka sare a cikin daji, mallakar wani mutum mai suna Ceolmund, kuma an ambaci ƙauyen a babban kundin ƙididdigar filaye da Sarki William ya sa aka yi a 1086. Iyalin da suka riƙe wurin sun ɗauki sunansa, kamar yadda a wajenmu ake cewa Aminu Kano ko Shehu Shagari, sai dai su nasu ya zama gādo daga uba zuwa ɗa. Da tafiya ta yi nisa, wasu rassan suka gajarta shi zuwa Cholmley, kamar waɗanda suka zauna a Whitby ta Yorkshire, wasu kuma Chumley. A fahimtata, doguwar rubutawar ta tsira ne domin tana kan takardun gidaje, gonaki da sarauta. Babban gidan ya samu muƙamin Marquess, wata babbar sarautar gado ta Birtaniya, a 1815, kuma ta hanyar auratayya ya gāji Houghton Hall, fadar da Robert Walpole, firaministan Birtaniya na farko, ya gina a Norfolk.

Inda lamarin ya fi taɓa ni shi ne Afirka. Hugh Cholmondeley, ɗan wani reshe na wannan iyali, wanda aka fi sani da Lord Delamere, shi ne jagoran Turawan da suka kafa gonaki a tsaunukan Kenya. A 1903 gwamnatin mulkin mallaka ta ba shi eka 100,000 kusa da Njoro, daga baya ya kafa gandun Soysambu a gefen tafkin Elmenteita, a ƙasar da Masai suke kiwon shanunsu tun kaka da kakanni. Sunan da ba kowane Bature ne ya iya furta shi ba, ya zama sananne ga makiyayan da aka tare wa burtali da mashaya, kuma wannan, a ganina, zalunci ne da bai kamata a rufe shi da labarin lafazi ba.

A lokacin samun 'yancin kan Kenya, an cire gunkin Delamere daga tsakiyar Nairobi, titin da ke ɗauke da sunansa ya koma Kenyatta Avenue. Gandun Soysambu kuwa ya ci gaba da zama a hannun zuriyarsa, kuma a 2009 wata kotun Kenya ta samu tattaɓa-kunnensa, Thomas Cholmondeley, da laifin kisa ba da gangan ba, bayan ya harbe wani mutum a cikin wannan gandu.