Ciwon disk ba lallai sai an yi tiyata ba

Abin yana damuna gaskiya, da an ce wa mutum hoton MRI na asibiti ya nuna disk ɗin bayansa ya danne jijiya sai 'yan uwa su fara cewa shikenan sai aiki, ko kuma ya kwanta kar ya motsa. Ba laifinsu bane, wanda ya ga mutum yana jan ƙafa saboda zafi dole ya tsorata.

Wasu suna ɗauka ƙashi ne ya goce, amma ba haka bane. Tsakanin ƙasusuwan gadon baya akwai wani abu mai taushi da ake kira disk, shi ne yake ɓullowa ya taɓa jijiya, yawanci a ƙasan baya, wajen da likitoci suke kira L4-L5 ko L5-S1, shi yasa zafin yake sauka daga ƙugu har ɗan yatsan ƙafa. Mafi yawan mutane suna samun sauƙi cikin sati 6 zuwa 12 da magani da fisiyo (motsa jiki da ake koyarwa a asibiti), jiki da kansa yakan shanye abin da ya ɓullo. Kwanciya kwana da kwanaki ma ƙara sandarar da baya take, direban da ya wuni a zaune gara ya riƙa sauka yana ɗan tattaki.

Amma in fitsari ko bayan gida ya ƙwace, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, ko ƙafa tana raunana, a tafi asibiti ranar.