Ashe sanin 'yan siyasa daban, sanin siyasa daban

Jama'a bari in amayar da abin da ke raina. Wasunku sun san ina ɗan taɓa lesin ran Asabar a nan Amurka, yaran sakandare masu shirin jarabawar AP (wato ta kwas irin na jami'a da ake yi tun a sakandare) ta kwatanta gwamnatoci, wadda hukumar jarabawa ta College Board ke shiryawa duk watan Mayu. Makin daga 1 ne zuwa 5, yaro in ya ci da kyau jami'o'i da yawa sai su ɗauke masa kwas ɗin, shi ya sa iyaye ba sa jin zafin sakin dala. Ƙasashe shida ake karantawa, Birtaniya, Rasha, Sin, Iran, Meziko, sai Najeriya. Eh, tamu dai.

Da na ga sunanmu na ce tuwona maina, wa zai koya wa mutumin Kano siyasa, mu da muka tashi rediyo a kunne.

Sai wata yarinya 'yar shekara 16 da ko filin jirgin Legas ba ta taɓa gani ba ta ce, me ya sa a zaɓen shugaban ƙasa a Meziko wanda ya fi ƙuri'a shi ke nan ya ci, amma ku sai an haɗa da kashi 25 cikin 100 a biyu bisa uku na jihohi? Na buɗe baki zan kwararo mata labarin wane ya ci amanar wane, wane ya sauya sheƙa, sai na ga wallahi ko maki ɗaya wannan ba zai ba ta ba, su masu ba da makin, dalili suke nema, wato an sa dokar ne don kar wani ya hau mulki da ƙuri'ar yankinsu kaɗai bayan abin da aka gani a jamhuriya ta farko da yaƙin basasa.

Ranar kunya ta sa na koma na buɗe tsarin mulkin 1999, karon farko a rayuwata, kuma na san ba ni kaɗai ba ne, kar ma wani ya zo yana min fuska. Sanatoci 109, 'yan majalisar wakilai 360, ƙananan hukumomi 774, wannan ai hadda ce kowa zai iya. Inda aikin yake shi ne ka iya cewa don me.

Mako na gaba na rama. Na ba su shari'ar Awolowo da Shagari ta 1979, lokacin jihohi 19 ne, Shagari ya kawo kashi 25 a 12, a Kano ya gaza, Kotun Ƙoli ta yarda biyu bisa uku na 19 shi ne 12 da biyu bisa uku. Yaran suka ɗauko kalkuleta suna ta musu, wani har yana cewa ya za a yi a yanka jiha kamar kankana.

Asabar mai zuwa Iran za mu shiga, kuma tun yau na fara karatu, ba zan sake zuwa da hirar teburin mai shayi ba.