Kada a bar Fermi ya mutu babu magaji

Ranar 9 ga Oktoban 2022 wani haske mai tsananin ƙarfi ya iso duniya, bayan ya yi kusan shekara biliyan 2 yana tafe daga inda wani ƙaton tauraro ya mutu. Hasken gama (gamma) ne, nau'in haske mafi ƙarfi, wanda ido ba ya gani. Taurarin ɗan'adam biyu na hukumar NASA, Fermi da Swift, suka sanar da masana, kuma ƙarfinsa ya kai har wasu na'urorin Fermi suka cika, suka kasa aunawa daidai. A lardin Sichuan na ƙasar Sin kuwa, cibiyar LHAASO da ke kan dutse mai tsayin mita 4,410 ta kama dubban ɗigon wannan haske, ciki har da waɗanda suka fi ƙarfin abin da tauraron ɗan'adam zai iya tarawa. Da ɓangare ɗaya ne kawai, na sama ko na ƙasa, yake aiki a ranar, da rabin labarin aka samu.

Dalilin kuwa a fili yake. Iskar da ta lulluɓe duniya ba ta barin hasken gama ya iso ƙasa, don haka dole a kai na'ura sama da ita. To amma abin da roka ke iya ɗauka ƙarami ne, faɗinsa bai wuce na teburi ba, alhali haske da ƙwayoyi mafi ƙarfi, wato 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyin zarra da ke faɗowa daga sararin samaniya, ba su cika zuwa ba. Wasu ƙwayoyin, a fili mai faɗin murabba'in kilomita guda, sai a yi shekara ɗari ko ɗaya ba ta faɗo ba. Saboda haka masana suka mayar da iskar kanta abin aunawa. Idan ƙwaya ko ɗigon hasken gama suka daki iska a can sama, sai su tarwatse su zama ruwan ƙananan ƙwayoyi, tare da walƙiya shuɗiya wadda ba ta kai ƙiftawar ido ba. Wannan walƙiyar ce madubai biyar na hangen nesa na cibiyar H.E.S.S. ke farauta a tsaunukan Namibiya. A Malargüe ta ƙasar Ajantina kuma, cibiyar Pierre Auger ta baza tankunan ruwa sama da 1,600 a fili mai murabba'in kilomita 3,000, tana jiran ruwan ƙwayoyin ya sauko.

Tambayar da ake bi tsohuwa ce. Tun 1912, da Victor Hess ya hau balan-balan ya wuce mita 5,000 ya tarar ƙwayoyin na ƙaruwa yayin da yake ƙara sama, ake neman inda suke fitowa. Wahalar ita ce maganadisun sararin samaniya yana lanƙwasa hanyarsu, sai su iso daga wata kusurwa daban. Hasken gama kuwa miƙe yake tafiya, shi ke nuna gidan da aka haife su. Wannan a ganina ya isa ya sa a kula da na'urorin da ke ganinsa.

Damuwata a nan take. Ana gina sabuwar cibiya ta CTAO, mai madubai masu farautar wannan walƙiya shuɗiya, a tsibirin La Palma na ƙasar Sifaniya da kuma hamadar Atakama ta ƙasar Chile, kuma abin farin ciki ne. Sai dai irin waɗannan madubai ɗan yanki kaɗan na sama suke kallo a lokaci guda, kuma sai da dare mai duhu, babu gajimare. Suna buƙatar mai ce musu ga inda za su juya. Fermi ke wannan aikin, domin yakan zagaye sama gaba ɗaya cikin kusan awa uku. A watan Agustan 2017, shi ya ga hasken gama ƙasa da daƙiƙa biyu bayan na'urorin LIGO na Amurka, masu jin girgizar sararin samaniya, sun ji karon wasu taurari biyu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma an harba Fermi ne a watan Yunin 2008, da shirin ya yi aikin shekara biyar, a yi fatan goma. Ya daɗe da wuce wa'adinsa. Takwaransa na Italiya, AGILE, ya riga ya faɗo a 2024.

Masu riƙe da kuɗi za su ce tauraron ɗan'adam tsada gare shi, kuma idan ya lalace ba a zuwa gyara, sabanin tankin ruwa da injiniya zai iya isa gare shi da mota. Gaskiya ne, ban raina wannan hujja ba. Amma an taɓa ganin abin da sakaci ke jawowa: bayan an sauko da Compton, tauraron NASA mai ganin hasken gama, a shekarar 2000, shekaru aka yi babu na'urar da ke tsaron sama a wannan matakin ƙarfi. Duk abin da ya fashe a lokacin ya wuce ke nan, ba ya maimaituwa.

Ƙera irin wannan tauraro, daga zane zuwa harbawa, yakan ci shekara goma ko fiye. Idan hukumomin sararin samaniya na Amurka da Turai da Asiya suka jira sai Fermi ya yi shiru kafin su ware kuɗin magajinsa, madubai na CTAO za su fara aiki gadan-gadan ne a daidai lokacin da babu mai yi musu ishara daga sama.