Mai zurfin ciki, wannan shirun naka ba duka ne haƙuri ba

Kwana biyun nan ana ta ɗora sakamakon gwajin hali a Facebook, wannan da ya kasa mutane gida 16, wanda Katharine Briggs da 'yarta Isabel Myers suka tsara a Amurka bisa tunanin masanin halayyar ɗan Adam Carl Jung. Masu fitowa a gidan da ake kira INFP sun fi kowa murna: ga taushin zuciya, ga ƙin zalunci, ga son kaɗaici. Masana halayyar ɗan Adam da yawa ba su gamsu da gwajin ba, don mutum ɗaya kan sake shi ya faɗa wani gidan. Amma siffar da ya zana mun san ta tun da can, ita muke kira zurfin ciki, in ta yi yawa mu ce miskilanci. Masha Allah da alherin da ke ciki. Sai dai akwai ciwo ɗaya da ba ku ɗorawa, shi nake so mu taɓa.

Ɗan'uwa, kana ƙera wa mutane siffa a ranka, siffar da ba su san da ita ba, ba su kuma yi alkawarin cika ta ba. Aboki na gari a wurinka shi ne wanda zai gane damuwarka ba ka furta ba. Malami na gari ba ya kuskure ko a lafazi. Mata ta gari ta san abin da ya ɓata maka rai daga yanayin sallamarka. To ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Ranar da ya kasa, ba za ka yi faɗa ba, kai ba ka iya hayaniya ba. Sai ka ce "ba komai", ka janye. Ka rage gaisuwa, ka ga kira ka bar shi ya katse, ka daina zuwa majalisa, ka sa habaici a WhatsApp. Wata shida, bawan Allah bai ma san laifinsa ba.

Kana kiran wannan kawaici. A'a, wallahi. Mai kawaici ya kau da kai ne ya manta. Kai kuwa ka kau da kai kana ƙirga, kullum dare kana maimaita maganar, kana ƙara mata gishirin da ba ta zo da shi ba. Ƙullaci ne ya sa rigar haƙuri. Kuma iyakar da Manzon Allah (SAW) ya yanka wa ƙaurace wa ɗan'uwa Musulmi kwana uku ce, mafi alherin su biyun shi ne wanda ya fara sallama. Kwana uku fa. Lissafa naka.

'Yar'uwa, ke ma ban tsallake ki ba. Kin fita daga zauren dangi don an gyara miki magana sau ɗaya. Ba ki je barka ba, ba ki je suna ba, kina cewa ke ba kya son shiga mutane. Kaɗaici don zikiri daban, ɓuya don kada a sake taɓa ki daban. Hadisi ya fifita muminin da ke cuɗanya da mutane yana haƙuri da cutarwarsu a kan wanda ba ya cuɗanya, ba ya haƙuri.

Ga yadda ake kwance ƙullacin. Ɗauki takarda, rubuta abin da mutumin ya aikata a layi ɗaya tak, abin da idonka ya gani ko kunnenka ya ji. A ƙasa rubuta abin da ka fassara. Yawanci na sama ƙarami ne, "bai amsa saƙona ba", na ƙasa kuwa dutse ne, "ya raina ni". Na ƙasan nan zato ne, kuma ka san abin da Suratul Hujurat ta ce a kan yawan zato. In na saman bai kai a yi magana ba, yafe shi da gaske, alamar yafiyar kuwa gaisuwa ta koma yadda take. In ya kai, ka faɗa kafin kwana uku, baki da baki ko ta kira, da jimla biyu: abu kaza ya faru, bai yi mini daɗi ba. Sai ka yi shiru ka ji nasa.

Inda ake yawan ɓata abin shi ne doguwar wasiƙa. Mai zurfin ciki ya fi sakewa a rubutu, sai ya zauna ƙarfe biyun dare ya tono laifin shekara uku ya tura. Wanda ya karanta zai ji an kai shi kotu ne, ya fara kare kansa, gaba ta ƙaru. Laifi ɗaya, rana ɗaya. Kuma kada ka jira sai ka sami cikakkun kalmomi, don jiran nan shi ya hana ka gama karatun da ka fara, shi ya bar alƙawuranka a rataye.

Ana bijiro da ayyuka Litinin da Alhamis, a gafarta wa bayi, sai masu gaba a tsakaninsu a ce a jinkirta musu har su shirya. Sau nawa aka jinkirta maka kana ganin kai ne aka zalunta? Don Allah ɗauki wayar nan. Ko sallama kaɗai ce ka yi masa kafin Alhamis. Don Allah.