A Miƙa Wa Matasan Littafin Kuɗin

A kusan duk taron neman gudummawa da na halarta, akwai wani lokaci da nakan sunkuyar da kai. Mai gabatarwa zai ce, "Jama'a, a tafa wa yaranmu." Sai a fito da wani yaro sanye da riga mai tambarin ƙungiya, wadda ta yi masa yawa har hannunta ya rufe masa yatsu. A miƙa masa makirufo da takarda, ya karanta godiyar da wani babba ya rubuta masa, yana tuntuɓe a kan kalmomin da shi kansa bai san ma'anarsu ba. Daga nan a ɗauko ƙaton cekin nan na kwali, manya su jeru, a tura yaron gefe don kada ya tare fuskar shugaba, a ɗauki hoto. Kafin a fara sanar da wanda ya ba da nawa, an riga an fitar da yaron ta ƙofar baya.

Ba na zargin mutanen nan da mugun nufi. Yawancinsu ma'aikata ne da 'yan kasuwa da suka baro iyalansu bayan gajiyar wuni, ba wanda ke biyansu ko sisi, hasali ma su ke cire kuɗin wata-wata daga aljihunsu. Wanda bai taɓa bin mutane ofis-ofis yana roƙon gudummawa ba, bai san ɗacin "ka dawo gobe" ba. Amma irin waɗannan ƙungiyoyi abu biyu suke rubutawa a takardunsu: tara kuɗi don matasa marasa galihu, da rainon shugabannin gobe. Na farkon ana yin sa da zufa. Na biyun kuwa, sau da yawa iyakarsa lacca ta wuni ɗaya da takardar shaida. Ra'ayina shi ne an juya abin baibai, domin rainon shugabanci shi ne aikin da ƙungiyar sa-kai ta fi kowa iyawa, kuma shi ne ta fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Tarihin manyan ƙungiyoyin ma ya nuna haka. Rotary, wadda lauya Paul Harris ya kafa a birnin Chicago na Amurka a 1905, da farko zaman zumunci ne na 'yan kasuwa da ke zagayawa ofisoshin juna, daga nan ta samo sunanta. Aikin al'umma na farko da ta sa a gaba, a 1907, shi ne samar da banɗakin jama'a a birnin. Asusunta da yanzu ake ji da shi a duniya ya fara ne a 1917 da dala 26 da santi 50. An kafa Kiwanis a Detroit a 1915, Lions kuma a 1917 a hannun Melvin Jones. Ba wadda ta fara da dukiya a cikinsu. Jarinsu shi ne haɗuwa a kai a kai, rubuta abin da aka tattauna, zaɓen shugaba, da sauke shi idan wa'adinsa ya cika. A Rotary har gobe shekara ɗaya shugaban reshe yake yi, ranar 1 ga Yuli ya miƙa wa wani. Ƙungiyar JCI, ta 'yan shekara 18 zuwa 40, ita ma a kan wannan ƙa'ida take: shekara guda ka jagoranta, ka sauka. Mutumin da ya saba sauka daga ƙaramar kujera ba tare da an yi jan-in-ja ba, ya koyi abin da shugabannin ƙasashe da yawa suka kasa koya.

Kuma tun da wuri suka gane cewa wannan horo ya fi kama jiki a ƙuruciya, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kiwanis ta buɗe reshenta na matasa, Key Club, a wata sakandare a Sacramento a 1925. Reshen Leo na farko na Lions ya fara a jihar Pennsylvania a 1957. Rotary ta kafa Interact a 1962 don 'yan sakandare, Rotaract kuma a 1968. A tsarin waɗannan rassa, matasan ne ke zaɓen shugabansu da sakatarensu da ma'ajinsu, babba yana gefe a matsayin mai ba da shawara. Sai dai ga inda gizo ke saƙa: su wa ke cika rassan? Galibi 'ya'yan membobi ne da abokan karatunsu a makarantu masu kyau. Ɗan mai hali ya samu kujera da gudumar jagorantar taro, ɗan talaka ya samu jakar makaranta da hoto. Haka ƙungiya ɗaya za ta raba yara gida biyu, tana koya wa waɗannan bayarwa da yanke shawara, tana koya wa waɗancan karɓa da godiya, alhali ba wanda ya zauna ya tsara hakan.

Na taɓa zama a taron wani ƙaramin reshe da ya saɓa wa wannan al'ada. Ma'ajin kwamitin matasansu yarinya ce 'yar shekara 17, ɗaya daga cikin waɗanda ƙungiyar ke biya wa kuɗin makaranta. Ta miƙe da littafi a hannu, muryarta na rawa, ta karanto abin da ya shigo da abin da ya fita. Da ta zo ƙarshe sai ta tsaya, ta dubi wani dattijo a cikin manyan membobi, ta ce, "Baba, a gafarce ni, rasit ɗin kujerun da aka yi haya bai zo hannuna ba, shi ya sa ban rufe lissafin ba." Ɗakin ya yi tsit. Dattijon ya laluba aljihu, ya laluba jaka, ya yi 'yar dariya, ya ce, "'Yata, kin yi daidai. Ki bar shi a buɗe, gobe zan kawo miki." Ya kuwa kawo. Ban san laccar da za ta koya wa yarinyar nan abin da ta koya a cikin minti biyun nan ba: cewa ana iya tambayar babba lissafi cikin ladabi, kuma sama ba za ta faɗo ba. Shi ma dattijon, ina kyautata zaton ya ƙaru.

Za a ce da ni, ai yunwa ba ta jiran horo, yaron da aka koro saboda kuɗin makaranta kuɗi yake buƙata, ba muƙamin sakatare ba. Gaskiya ne, ban kuma ce a daina tara kuɗi ba. Abin da kuɗin 'yan sa-kai ya yi a duniya ba ɓoyayye ba ne. Rotary ta ƙaddamar da shirinta na yaƙi da shan-inna a 1985. A 1988, lokacin da aka kafa gangamin duniya tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, cutar na nakasa yara kimanin 350,000 a shekara a ƙasashe 125. A watan Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da asalin ƙwayar cutar, ya rage Afghanistan da Pakistan. Ita kuwa Lions, tun da Helen Keller, marubuciyar nan 'yar Amurka makauniya kuma kurma, ta tsaya gaban taronta a 1925 ta roƙi membobi su tsaya wa makafi, ta riƙe aikin ido ba ta sake shi ba. Abin lura a misalan biyu shi ne naci. Abu ɗaya suka kama, suka yi shekaru gommai a kansa. Ƙaramin reshen da bana ya raba littattafai, baɗi ya koma gasar ƙwallo, baɗin baɗaɗa ya ɗauko koyar da kwamfuta, don kawai kowane sabon shugaba yana son aikin da za a kira da sunansa, ya ari rigar manyan ne ya bar halinsu.

Wannan rashin naci ya wuce asarar kuɗi, yana iya cutar da yaran, kuma a nan nake so masu ƙungiyoyi su tsaya su saurara. A 1995 an fitar da sakamakon wani bincike a Amurka kan shirin Big Brothers Big Sisters, wanda ke haɗa yaro da wani babba ɗan sa-kai da zai riƙa ziyartarsa yana jan sa a jiki. An bi yara kusan dubu, 'yan shekara 10 zuwa 16, tsawon wata 18. Waɗanda aka haɗa da babba, yiwuwar su fara shan ƙwaya ta yi ƙasa da kashi 46 cikin ɗari idan aka gwada da waɗanda ke jiran layi, kuma sun rage gudun makaranta ƙwarai. Wannan adadi ne ake yawan kawowa a tarurrukan neman kuɗi. Wanda ba a cika kawowa ba shi ne abin da masu bincike Jean Grossman da Jean Rhodes suka gano a 2002 da suka sake duba bayanan: amfanin ya fi fitowa ga yaran da alaƙarsu ta kai shekara ko fiye, su kuwa waɗanda aka rabu da su kafin wata uku, ganin ƙimar kansu ma raguwa ya yi. Yaron da ya saba manya suna yi masa alkawari suna ɓacewa, ka zo ka ƙara masa mutum ɗaya a jerin, ka tabbatar masa da abin da dama yake zargi game da kansa.

Akwai wanda ya fi wannan tayar da hankali. A 1939 aka fara wani shiri a garuruwan Cambridge da Somerville na jihar Massachusetts, inda aka ɗauki yara maza kimanin 500 aka raba su biyu. Rabi aka ba su masu ba da shawara, da taimakon karatu, da duba lafiya, da zuwa sansanin hutu, na kusan shekara biyar. Bayan shekara 30 mai bincike Joan McCord ta bi sawunsu, ta wallafa sakamakon a 1978. Waɗanda aka taimaka wa ba su fi sauran ba, ta fuskoki da dama ma sun fi su shiga matsala, kamar shaye-shaye da maimaita laifi da mutuwa da wuri. Abin mamaki, da yawansu da bakinsu suka ce shirin ya amfane su. Ke nan godiyar wanda aka taimaka wa ba ita ce ma'auni ba, balle godiyar da aka rubuta masa ya karanta.

To ina mafita? Ni dai da zan zauna a kwamitin irin wannan ƙungiya, tambayar da zan fara yi ita ce ta ragowa. A ce an tara ɗari a daren liyafa. Nawa ya tafi hayar zaure, da ado, da kyautar girmamawa ga babban baƙo, da mai ɗaukar hoto? Abin da ya rage shi aka tara, shi ya kamata a faɗa wa jama'a, a kuma manna lissafin inda kowa zai gani. Sannan a rage buri. Gara a ɗauki yara goma a kai su har su kammala, da a ɗauki ɗari a yi musu zango ɗaya a bar su a tsakiyar kogi. Duk ɗan sa-kai da zai riƙe yaro, a bincika halinsa kafin a ba shi, kada kuma a bar shi shi kaɗai da yaro a ɓoye, domin ba kowa ke zuwa da zuciya ɗaya ba; a kuma gaya masa tun farko cewa in ba zai iya shekara ba, ya ba da kuɗinsa ya huta.

Sai kuma babbar maganar, wadda na san za ta yi wa wasu nauyi: a ware wani kaso na kuɗin, komai ƙanƙantarsa, a ce matasan da ake taimaka wa su ne za su yanke yadda za a kashe shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Manya na iya kwana suna muhawara kan sayen kwamfuta, alhali abin da ke hana yarinya zuwa aji shi ne kuɗin mota ko rashin audugar mata, kuma ba za ta faɗa ba sai in kujerar da take kai ta ba ta ikon faɗa. Za su yi kuskure, babu shakka. Za su sayi abin da bai dace ba, wani zai makara da rahoto, wata za ta yi fushi ta ce ta ajiye muƙami. Manyan ma haka suke yi, sai dai su ba a kiran nasu yarinta.

Masu jin tsoron buɗe ƙofa su tuna cewa ƙungiyoyin nan sun taɓa jin irin wannan tsoro a kan mata. Sai da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a 1987 kan wani reshe na garin Duarte a California da aka kora saboda ya karɓi mata, kafin Rotary ta gyara dokarta a 1989. An ɗauki shekara 33 bayan haka kafin Jennifer Jones, 'yar Kanada, ta zama mace ta farko da ta shugabanci ƙungiyar a duniya a 2022. A tsawon shekarun da ƙofar ke rufe, matan suna nan suna shirya tarurruka, suna sayar da tikiti, suna tara kuɗin. Kujerar ce kawai ba a ba su ba.

Yarinyar nan ma'aji, da wa'adinta ya cika, ita ta zauna da wanda ya gaje ta, yaro ɗan shekara 15, tana nuna masa yadda ake jera rasit bisa kwanan wata da inda ake sa hannu. Na ji tana ce masa, "Ƙanena, ko wa ya karɓi kuɗi, ko shugaba ne, ka rubuta sunansa a nan kafin ya bar ɗakin."